Kada a Rage Masa Hanya

Tun da na auri mijina ban taɓa ganin ya je ko shagon bakin layi da ƙafa ba. In ashana ta ƙare, sai an tayar da mota. Koyar da tuƙi ce sana'arsa, shi ya sa duk gari ba mai kiransa da sunansa, sai Mai Lana. Rabin direbobin da ke bin titinmu ta hannunsa suka wuce: 'yan tasi, masu ɗaukar 'yan makaranta, matan ofis, har da mai tuƙa motar shara. Motar koyarwarsa ƙarama ce fara, mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi ɗaya a tasa, ga jan harafin L na 'yan koyo a maƙale gaba da baya.

A kan harafin nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Manyan mutane masu tumbi sukan roƙe shi a ɓoye ya cire, wai kada yaransu na ofis su gan su. Sai ya ce musu, "Harafin nan ba zagi ba ne. Kana gaya wa na bayanka ne ya ba ka wuri. In kunyarsa kake ji, sauka." Na ji wannan magana har na haddace ta.

Ciwon ya kama shi ne a cikin motar, a shataletale, yana koya wa wata yarinya 'yar jami'a. Ya ce ji ya yi kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Ya taka nasa birkin, ya sa ta faka a gefe, ya ce mata olsa ce ta taso. A asibiti aka ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta kusa toshewa. Suka huda wuyan hannunsa na dama, suka zura wata siririyar roba ta cikin jijiya har zuciya, suka buɗe wurin da ya tsuke, suka bar wani ɗan ƙarfe a ciki don ya tokare. Ni ina waje ina jiran a fito mini da mutum a tsage, sai ga shi da filasta wadda ba ta kai babban yatsa ba.

Maganarsa ta farko da ya ga fuskata ita ce, "Kada ki gaya wa kowa."

Muka rufe motar da tamfol a tsakar gida. Duk wanda ya tambaya, hutu ya ɗauka.

Likitarsa wata 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, mai magana a hankali kamar ba ta son tashin mai barci. Da hannun ya warke ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce jijiya ba tiyon ban ruwa ba ce, abu ne mai rai. In jini ya gudu da ƙarfi a cikinta takan saki jiki ta buɗe, in an bar ta a zaune takan sandare. Ta ce wadda aka bi da robar nan ta cikinta ta ji jiki, sai an lallaɓa ta kafin ta dawo daidai, sauran kuma dama zaman mota ya riga ya sangarta su. Ban da ƙwayoyin da ta rubuta, maganin shi ne tafiya. Kowace safiya ya taka da ƙafarsa har jikinsa ya ɗumama, ya iya magana amma ya kasa waƙa.

"Dama ba na waƙa," in ji shi.

"To ka huta da wannan," ta ce. "Amma ba za ka koma kujerar koyarwa ba sai na sake duba ka na gamsu. Ran wasu ne a ƙafarka."

Babbar 'yarmu ta aiko masa da farin takalmin kambas. Kullum da safe ya ɗaura, ya gyara hula, ya fita. Ni kuwa in tsaya a ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana, ina jin daɗi a raina kamar ni na haife shi. In rana ta ɗan ɗaga ya dawo ya zauna a kujerar falo, in kawo ruwa, in yi masa sannu da hanya, in cire masa takalmi da hannuna. Ba ya kallona in ina cirewa. Na ɗauka gajiya ce.

Yanzu in na tuna, alamu har sun yi yawa. Rigarsa a bushe take dawowa. Wata rana na ji ƙanshin turaren mota a jikinta, irin wanda ake ratayawa a madubi, na ce ko daga masu wucewa ne. Wata rana kuma ya shigo da burodi daga gidan burodin da ke can bayan tashar jirgi, wurin da ko a mota sai ka gaji da zama. Maimakon in yi tunani, sai na kira 'yarmu a waya ina yi mata albishir cewa babanta ya zama ɗan tsere. Yana zaune yana jina, ya sunkuyar da kai yana murza wuyan hannunsa.

Ranar komawa asibiti na sa kayana masu kyau, don na san yabo za mu sha. Aka kwantar da shi a wani ɗaki mai sanyi, aka shafa masa wani abu mai santsi a dantse, aka ɗora kan na'urar hoto. Suka ɗaura masa abin awon jini a hannu, suka hura ya matse shi tam na ɗan lokaci, sannan suka sace iskar a tashi ɗaya. Likita ta nuna mana allon. Ta ce wannan baƙin layin jijiyarsa ce, in jini ya kwararo bayan matsi ya kamata a ga ta ƙara faɗi. Muka zuba ido. Ni ban ga komai ba, ita ma ashe abin da ta gani bai taka kara ya karya ba.

"Kana tafiyar kuwa?" ta tambaye shi.

Kafin ya buɗe baki na riga shi. Bakina dama ba ya jiran layi.

"Likita, ni ce shaida. Ko ruwa ake yi sai ya fita. Har bayan tashar jirgi yake zuwa."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta sa aka hau da shi kan injin tafiya, wanda bel ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji. Ko gumi ban gama sharewa a goshina ba ya fara haki. Ya kama ƙarfen gefe da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Ta kashe injin da kanta.

"Mutumin da ke zuwa bayan tasha da ƙafa ba ya haki a nan," ta ce, a hankali dai. "Ban ce kun yi ƙarya ba. Amma jikinsa bai san da tafiyar ba. Ƙarfen da muka sa wuri ɗaya ya gyara. In sauran suka ci gaba da sandarewa, za ku dawo mini, kuma ba lallai da ƙafarsa zai shigo ba."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin gadon. Har raina ya ɓaci da ita, na ce a zuciyata injinsu ne ya lalace.

A bakin asibiti wata tasi ta ci birki a gabanmu tun ba mu ɗaga hannu ba. Dogo ne, tsohon ɗalibinsa, wanda ya fi kowa shan faɗa a hannunsa saboda taka kuloci rabi. Ya fito da sauri ya buɗe mana ƙofa. Mijina ya shiga gaba, ni a baya. Ba mu yi nisa ba Dogo ya dube ni ta madubi.

"Mama, gara da na gan ki. Don Allah ki daina barin Baba yana fita a ƙasa. In gyaran motar ne ya gagara, ba abin kunya ba ne, mu 'ya'yansa ne."

"A ƙasa kamar yaya?" na ce.

"Kullum da safe mana. A bakin kwalbatin nan na bayan layinku muke tsintarsa. Har mun yi magana tsakaninmu, duk wanda ya fi kusa ya biyo ta nan ya rage masa hanya. Jiya ni na kai shi gidan waya. Shekaranjiya mai motar makaranta ne."

Na dubi ƙeyar mijina. Kunnuwansa kawai nake gani, kuma na rantse sun ƙanƙance. Daga ƙofarmu zuwa kwalbatin nan, in ka ɗora ruwan shayi ka je ka dawo, bai tafasa ba.

"Allah ya yi albarka, Dogo," na ce.

Da muka shiga na rufe ƙofar falo don maƙwabta. Ban san me na fara faɗa ba, na dai san na ambaci takalmin da nake durƙusawa ina cirewa, da ruwan da nake kawowa, da yadda ya bar ni na yi rantsuwa a gaban likitar da ba ta wuce sa'ar 'yar cikina ba. Ya bar ni na zazzage tas. Sannan ya yi magana yana kallon tabarmar ƙasa.

"Ranar farko da niyya na fita. Ina kaiwa kwalbati yaron nan Dogo ya tsaya, ya fito, ya ce, Baba, ina raye ka taka ƙasa? Ina za ka? To ina zan ce masa za ni? Mutum da furfurarsa, yana tafiya ba inda za shi. Ko mahaukaci ko wanda ya karye. Sai na ce banki. Ya kai ni banki. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran wani, wata tsohuwar ɗalibata ta gan ni ta dawo da ni."

"Ka ce musu likita ce ta sa ka mana."

"In ce musu me? Mai riƙe da birki zuciyarsa na iya tsayawa a tsakiyar titi? Wa zai sake ba ni 'yarsa in zauna kusa da ita a mota?" Ya ɗaga hannun ya dubi ɗan tabon. "Kuma yaro ya tsaya don girmanka, ya buɗe maka ƙofa, mutane na kallo. Da wane baki za ka ce a'a?"

"Da irin nawa," na ce. "Gobe tare za mu fita."

Washegari na ɗaura ɗankwali tamau, na sa takalmin roba, muka fita. Ina tafe ina shirya maganar da zan gaya wa duk wanda ya tsaya. Mun kusa kwalbati sai wata baƙar mota mai sheƙi ta sa sigina ta tsaya. Wata mata ce mai aiki a kotu, wadda ya koya wa tuƙi bayan mijinta ya rasu, lokacin ko kallon sitiyari ba ta iya yi sai ta yi kuka. Ta fito da takalminta mai tsini, ta zagayo ta cikin taɓo, ta rusuna ta gaishe mu, ta buɗe ƙofar baya ta riƙe.

"Baba, Mama, ku biyu a ƙasa? Wallahi ba zan iya wucewa ba. Ina za ku?"

Mai shagon kan kwana ya leƙo. Masu jiran mota suka juyo. Matar nan tana riƙe da ƙofa, taɓo ya ɓata mata takalmi saboda mu. Na buɗe bakin nan nawa da duk layinmu ke tsoro.

"Kasuwa," na ji na ce.

Muka zauna a baya kamar baƙin biki, sanyin mota na busa mu. Bai dube ni ba, kuma na gode masa da bai duba ba. Ta sauke mu a ƙofar kasuwa, ko jaka ban riƙo ba. Muka tsaya kusa da masu sayar da bokiti muna kallon ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don ta asibiti ma zan iya cewa yaudarata aka yi, wannan kuwa da ƙafata na shiga. Muna tsaye mai motar shara ya hango malaminsa, ya fara neman wurin fakin. Dole muka shige cikin kasuwa muka ɓuya a layin masu yadi.

Da yamma na aike shi ya miƙo mini bargo daga ɗakin sama. Matakalar gidanmu ba wata doguwa ba ce. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, na same shi zaune a tsakiyarta, hannu a ƙirji, yana jan numfashi ta baki. Ya ce ba ciwo ba ne, haki ne kawai. Na zauna a matakalar da ke ƙasa da tasa. Maganar likita ta dawo mini, ba lallai da ƙafarsa zai shigo ba, na ji tsoro ya kama ni.

Da ya huta ya sauko ya fita tsakar gida. Ta tagar kicin na ga ya ɗage tamfol, ya buɗe motar, ya shiga ɓangarensa na malami ya zauna. Bai kunna ta ba. Ƙafarsa kawai nake gani tana taka birki tana saki. Ya daɗe a haka. Da ya fito ya zagaya bayanta ya tsaya, hannuwa a baya, har na kira shi cin abinci.

Da safe na fito na same shi a tsugune da sukudireba. Ya kwance jan harafin na bayan motar, ya goge shi da tsumma, ya zura igiyar shanya ta ramukan kusoshin. Ya miƙo mini, ya juya mini baya.

"Rataya mini."

"Malam, lafiyarka kuwa?"

"Ba lafiya ba, ai kin sani. Rataya."

"Za a ce ka taɓu. Yara za su bi mu. Ka bari mu nemi wani wuri, bayan gari, inda ba a san ka ba."

"Ina ne ba a san ni ba? Kuma wa zai kai mu? Dogo?" Ya gyara tsayuwa. "Shekara nawa ina sa mutane su ɗauki abin nan suna jin kunya. Ban iya tafiya ba, koyo zan yi. Ɗaure da kyau kada ya karkace."

Na ɗaure. Farin allo da jan harafi, a tsakiyar bayan babban mutum mai jikoki. Na so in ce kaina na ciwo in zauna a gida. Sai na tuna kasuwa, na ɗauko takalmina.

Mai shagon kan kwana yana zuba sukari a ma'auni ya tsaya da cokali a sama. Wasu mata biyu masu shara suka daina, ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi. Na ji wata dariya daga wani bene. Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa tukunya. Ina bayansa da taku kaɗan, idona a kan harafin, don in na kalli gefe zan juya gida. Shi kuwa yana tafe a gefen titi, daidai inda yake koya wa ɗalibai su bar wa masu ƙafa, ƙeyarsa a sandare.

Muna dab da kwalbati na ji birki a bayanmu. Ko ban juya ba na san Dogo ne. Ya fito yana cewa, "Baba, yau ma," sai maganar ta maƙale. Ya ga allon.

Mijina ya tsaya. Bai rage murya ba, kuma masu jiran mota suna nan cike.

"Motata lafiyarta ƙalau, Dogo. Ni ne ba lafiya. Zuciya ce. An yi mini aiki, likita ta ce in ban yi tafiya da ƙafata ba jijiyoyina za su toshe. Duk ranar da kuka rage mini hanya, maganina kuka rage. Laifina ne da ban faɗa ba."

Na ga wani mutum a cikin masu jira, wanda na san ya yi maganar kawo 'yarsa koyo in an dawo hutu, ya dubi na kusa da shi. Mijina ma ya gan shi.

Dogo ya cire hula ya riƙe a hannu. Idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, da ka faɗa. To bari in bi ka a baya a hankali, ko da za ka gaji."

"Me na koya maka in ka ga harafin nan a gabanka?"

Dogo ya ce, "A ba shi wuri. Kada a yi masa oda. Kada a manne masa."

"To."

Ya koma motarsa. Ya duba madubi, ya sa sigina, ya fita can tsakiyar titi kamar zai wuce babbar mota, ya wuce mu a hankali, hannu biyu a kan sitiyari. Bai waiwayo ba.

Muka taka kan kwalbatin muka sauka ɗaya gefen. Ban taɓa lura ba ashe daga nan titin ɗan hawa ne. Numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, na matso kusa in ji ko zai iya magana, kamar yadda likita ta ce. Wata motar ta taho, ta rage gudu kamar za ta tsaya, sannan ta kauce ta wuce. A ƙarƙashin igiyar, tsakanin kafaɗunsa, rigar ta fara jiƙewa.

"Ana kallonmu?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Ana kallo."

"Har mutumin nan mai 'ya?"

"Har shi."

Ya ƙara taku biyu ko uku.

"Allon bai karkace ba?"

Na miƙa hannu na gyara masa shi, muka ci gaba da hawa.